Surukina Ya Ƙi Canza Mini Shokar Mashin

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, Admin a taimaka a rufe sunana. Don Allah ku ba ni shawara, maganar kamar ƙarama ce amma ta cika mini ciki.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Damba cikin Gusau, ina koyarwa a Tsafe, mahaifiyata kuma tana Kekun Waje ta wajen Bungudu. Duk zirga-zirgar nan a kan tsohon mashin ɗin da yayana ya bar mini nake yin ta. Inji lafiya lau, shokazoba ce matsalar. Ta baya ta mutu murus, in na faɗa rami sai ƙarfe ya daki ƙarfe in ji shi har tsakiyar kai, ta gaba kuma mai take zubarwa yana ɓata mini wando.

To bakanikena shi ne mahaifin matata. Tun kafin in auri 'yarsa shi ke gyara mashin ɗin nan, kuma bai taɓa yarda na biya shi ba. Na kai masa na ce Baba ina so a sa sabuwar shoka mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki mutum biyu da buhu. Ya dube ni ya ce, "Mi ya samu wagga? Ƙarfen da ne fa, na yanzu duk gwangwani ne." Sai ya ɗaure sifirin ɗin shokar baya tamau, mashin ya koma kamar kana zaune a kan benci. Na koma, ya yanko tsohuwar taya ya cusa a tsakanin sifirin. Na sake komawa kan ta gaba, ya ɗura mata baƙin mai mai kauri bai canza robar da ke tare man ba, yoyo ya ci gaba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Inna mahaifiyata, tana fama da ciwon baya kuma ni ke ɗauko ta zuwa asibiti a Gusau. Zuwanmu na ƙarshe na faɗa wani rami a hanyar ƙauye, na ji ta yi salati ta damƙe rigata. Da muka sauka ta kasa miƙewa sai da na riƙe ta. Ta ce mini, "Ɗan nan na haƙura da asibitin, kada ka ƙara ɗora ni kan abin nan." Ranar komawarta ta zo ta wuce, ta ƙi zuwa. Mota ba kullum ake samu ba, kuma kun san yadda hanyoyinmu suke yanzu, ba mai son tsayawa jira a bakin titi.

Akwai maƙwabcina Kirista ɗan kudu mai shagon kayan mashin, muna mutunci sosai. Ya danna mashin ɗin sau biyu ya ce gyara ya ƙare sai canji, yana da shokar, yana da wanda zai sa mini. Da na gaya wa matata ranar ba mu kwashe lafiya ba. Ta ce so nake in nuna wa 'yan gareji ubanta bai iya aiki ba. Na ce a ɓoye zan yi, ta ce mutumin da ke gane mashin ɗin da ƙararsa tun daga kwanar layi shi za a ɓoye wa sabuwar shoka? Kuma ta yi gaskiya. Na ce to in sayo in kai masa ya sa da hannunsa, ta je ta yi masa maganar, ya aiko ta wai in ya gaza ne in zo in faɗa masa da bakina. Tun ranar daga gaisuwa ba ya ƙara mini komai.

Wallahi na gaji. Ba na son in kunyata dattijon da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, amma Inna na can kwance ba ta ganin likita. In kai mashin ɗin wani wuri kome zai faru ya faru, ko in je in durƙusa in faɗa masa gaskiya? In kuma zan faɗa, da wane baki ake gaya wa suruki aikinsa bai yi ba?