Baba, Na Bari An Huda Motarka

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Mamman Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga uba, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan Juma'a ta same ka cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan unguwar Al-Badi'a a Riyad lafiya muke, ko da yake sai da na daɗe riƙe da alƙalami kafin na rubuta kalmar lafiya.

Ka san a gidan jarida an koya mini in sa babban labari a layin farko, kada in ɓoye shi can ƙasa. To ga shi: na saɓa alkawarin da na yi maka. An huda jikin motarka wuri takwas. Ni na ba da izini, ina tsaye aka yi, kuma na ƙirga.

Ban manta yadda na yi alkawarin ba. Kana kwance a asibiti, saura kwana uku ka bar mu, ka ce: "Ɗiyata, motar nan taki ce. Ki tashe ta duk Juma'a, kada injin ya kwanta. Amma kada ki bar wani ya sa mata ƙarfe ya huda ta. Yadda aka ba ni ita, haka nan." Na ce to. Ban ko yi tunani ba, don a ranar ko me ka roƙa to zan ce.

Na san abin da take a wurinka. Shekara talatin da ɗoriya kana tuƙa iyalin maigidanka Abu Sulaiman, kuma duk motocin gidan ba wadda kake so kamar wannan tsohuwar ta Amurka, ƙirar tsakiyar shekarun sittin, koriya mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda injinta mai silinda takwas ke sa tagogin layinmu rawa. Ranar da ka ajiye aiki ya miƙa maka makullinta, ka shigo gida kana dariya kana share ido.

Tun tana hannun Abu Sulaiman kake fita da ni a cikinta da safiyar Juma'a, ina 'yar shekara takwas, ina zaune a gaba. Abin da na fi tunawa shi ne hannunka. Duk sanda ka taka birki da ƙarfi, hannunka na dama yakan fito ya tare ƙirjina tun ƙafarka ba ta gama takawa ba. Sai ka ce, "Ɗiyata, lafiya?" sannan ka dubi hanya. Na girma ina ganin babu abin da zai wuce hannun nan.

Canji ɗaya ka taɓa yi mata, kuma ba ka yarda canji ne ba. Da ta zama taka, ka ga bel ɗin kujerun gaba sun kwashe rana sun kwaɗe. Ka kwance su, ka sa a akwati, ka tafi da su hutu Sakkwato, baduku ya lulluɓe su da jar fatar akuya, ya yi musu ɗinkin ado layi biyu. Larabawa masu son tsofaffin motoci kan tsaya su shafa su tambaye ka inda aka yi. Na taɓa tsokanarka na ce ai ka canja ta, ka ce, "Wannan ba canji ba ne, sutura ce."

Yanzu ga abin da ya faru.

Sati uku da suka wuce, ranar Asabar da hantsi, muna dawowa daga kasuwar Aziziya ni da jikarka Hafsa, wadda kake kira amaryarka. Abbanta ya fita da ƙaramar motarmu, ita kuma ta nace sai dai mu je da motar Jaddi, wato kakanta, kamar yadda take kiranka da Larabci. Tana gaba, a kujerar da nake zama a da. Ta ɗaura jan bel ɗinka a ƙugu, ni da kaina na duba. Ba gudu nake yi ba. Allurar motarka da mil take lissafi, tana kan talatin, yadda ka koya mini lokacin da aka ba mu mata damar tuƙi a ƙasar nan.

Wata motar kaya cike da kankana ta tsaya cak a gabana. Na taka birki iya ƙarfina, hannuna na dama ya fita da kansa, irin naka.

Baba, hannuna bai tare komai ba. Jikin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ya ture shi kamar labule. Bel ɗin ya riƙe ta a ƙugu, sauran jikinta ya ninke gaba, goshinta ya sami ƙarfen gaban mota. Ƙarar ba ta da girma. Kamar an ajiye kwano a kan siminti.

Mun tsaya saura kamu ɗaya mu kai ga motar kayan. Hafsa ta ɗago, ta taɓa fuskarta, ta dubi yatsunta, ta ce da Larabcinta, "Mama, dam." Jini ne, yana bin girarta ta hagu yana shiga ido.

Ɗinki biyar aka yi mata. Likitan ya tambaye ni me muka buga, na ce ba mu bugi komai ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Wannan amsar tawa ita ce ta hana ni sukuni har yau. Ba mu bugi komai ba, Baba. Da mun buga fa?

Muna fitowa ta riƙe abayata ta ce, "Kada ki gaya wa Abba motar ce, zai sayar da ita." Yarinya da bandeji a fuska tana kare motarka.

Ni da ake cewa ba na ruɗewa, a sashenmu na fassara na gidan jarida a unguwar Ulaya sai in karanta layi ɗaya sau huɗu. In lif ya tsaya da ɗan ƙarfi gabana sai ya faɗi. Wani ya ajiye kofi a tebur, na ji ƙarar nan.

Na kai motar garejin Malam Iliya, abokinka mutumin Maraɗi, wanda shi kaɗai ka yarda ya taɓa injinta. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "'Yar Alhaji, ki ba ni izini in tsaga fatar nan." Na ba shi. Ya sa reza ya buɗe ta daga wannan bakin zuwa wancan.

Abin da ke ciki ya yi fari fat, ya bushe kamar tsohuwar tabarma, ga hujin basillar baduku layi biyu daga farko har ƙarshe. Malam Iliya ya naɗe baki ɗaya a hannunsa, ya taka ɗayan da ƙafa, ya ja. Dattijo ne mai ciwon kafaɗa, ka san shi. Bel ɗin ya yage, ya bi layin hujin nan har ya rabu biyu.

Na sunkuya na ɗauki rabin da ya rage a ƙasa.

Ya ce, "Baduku ba shi da laifi, ado aka ce ya yi, ya yi. Zafin Riyad ya cinye sauran. Allah ne ya riƙe yarinyar nan, ba wannan ba."

Bai tsaya nan ba, ni ma ban hana shi ba. Ya haska mini ƙarƙashin motar, na ga inda bel ɗin ya kama: noti ɗaya da 'yar washa da ba ta fi riyal na ƙarfe faɗi ba, tsatsa ta zagaye ta. Ya buga sandar sitiyari da sifana ya ce ƙarfe ne guda, miƙaƙƙe, daga kusa da hancin motar har saitin ƙirjina, in aka yi karo gaba da gaba ba inda zai je sai cikina. Kujerun ba su kai ƙeya ba, kuma bayansu na kifewa gaba ba tare da wani makulli ba. Birkin duka tayoyi huɗu a kan hanyar mai ɗaya yake, in bututu guda ya fashe an rasa duka. Na koma gida na karanta duk abin da na samu a kan motocin wancan zamani, ina fatan in kama shi da zuzutawa. Ban kama shi ba.

Ya ce gyaran na yiwuwa, amma bel mai ratsa kafaɗa sai an nema masa wurin kamawa, kuma motar ba ta zo da shi ba. Dole a huda, a sa farantin ƙarfe mai kauri a bayan kowane huji.

Na ce, "Malam, ka san abin da Baba ya ce."

Ya ce, "Na sani mana. Sau biyu yana ɗauke motarsa daga garejin nan cikin fushi a kan maganar nan, har ya ce mini mahaukacin maƙeri. Amma ni ban yi masa alkawari ba, ke kika yi. Ke za ki warware."

Abban Hafsa kuwa gajeriyar magana ya yi: ko a sayar, ko a rufe ta da tamfol, amma 'yarsa ba za ta sake shiga ba a haka. Ban yi masa musu ba, don gaskiyarsa ce. In na sayar, na rabu da kai karo na biyu. In na rufe ta, injin ya kwanta, na saɓa rabin maganarka. In na bar ta yadda take na ci gaba da hawa, na san abin da nake sa 'yata a ciki, kuma yanzu ba zan iya cewa ban sani ba.

Kwana shida ina juya abin. A na shidan hannunka ya faɗo mini a rai, na dube shi da idon da ban taɓa dubansa ba. Mutumin da ya yarda da bel ɗin motarsa ba ya miƙa hannu haka. Ashe kai ma tsoro kake ji, Baba, duk shekarun nan, kana murmushi kana tambayata ko lafiya. Kuma ban taɓa ganin ka fita ka duba motar kafin ka dube ni ba.

Ba zan ce da kana nan da ka yarda ba. A aikinmu an hana mu sa wa mamaci magana a baki, kuma mai yiwuwa sauƙi kawai nake nema wa kaina. Mai yiwuwa da ka ɗauke motarka karo na uku. Abin da na sani shi ne, ba ka ga bel ɗin nan ya yage a hannun Malam Iliya ba. Ni na gani.

Ranar da aka yi hujin ban bar garejin ba. Ya yi bisimilla, ya ɗora injin huji a jikinta ta ciki, koren fenti da ƙarfe suka riƙa fitowa a murɗe suna zuba ƙasa. Na farkon sai da na rufe ido. Yanzu kujeru huɗu duk suna da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, irin wanda ke kulle kansa in an fizge shi. An sa kujerun gaba masu majinginar kai, an sa sandar sitiyari mai shigewa cikin kanta in ta sha bugu, an raba birki gida biyu. Tsofaffin kujerunka da sandar suna ɗaki a naɗe, ban yar da ko noti ba. Jar fatar tana cikin akwatina.

Kada in yi maka ƙarya, tsoron bai tafi ba. Duk wannan aikin bai mai da ita motar zamani ba. Ba ta da jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo, jikinta kuma ba a ƙera shi don ya shanye bugu ba. Saboda haka na kafa doka: ba babbar hanya, ba kasuwa, sai safiyar Juma'a lokacin da tituna ba kowa, kuma Hafsa a baya za ta zauna. Ta yi ƙorafi, ta ce Jaddi a gaba yake sa ta. Na ce Jaddi ba ya nan, ni ke nan.

Yau da safe muka fita karo na farko, Abbanta na bin mu a ƙaramar mota. Mun kusa gidan burodin da kake saye, wani mutum ya sauko titi da ledarsa bai duba ba. Na taka birki. Motar ta tsaya a miƙe, bel ya kama kafaɗata, na ji na Hafsa ma ya kulle a bayana. Na duba madubi, tana zaune daram, tabon girarta na nan, tana kallona.

Ta ce, "Mama, wa kike tarewa? Ba kowa a wurin."

Sai a lokacin na ga hannuna na dama a miƙe, ya ratsa kujerar gaba wadda ba kowa a kanta. Na sauke shi a kan kujerar, na bar shi a can har muka kai kwanar gida.

Ka yafe mini, Baba. Na karɓi amana biyu daga hannunka, motarka da jikarka, na huda ɗaya don in tsare ɗaya.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka yi shekaru kana kai 'ya'yan mutane kana dawo da su lafiya, Allah Ya tsallakar da kai Siraɗi lafiya. Ya tsare mana Hafsa da tsarewar da ta fi hannuna da naka, Ya sanyaya mini wannan fargaba, Ya haɗa mu a gidan da ba a jin tsoro. Amin.

Ɗiyarka da ke zama a gaba,
Balkisu
Al-Badi'a, Riyad