Hasashen Asabar da Ta Wuce

Fort Washington, Mayu 2011

Ɗana Kamal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma kana cin abin da suke ba ka ko da babu daɗi. Antinka Sa'adiya tana gaishe ka. Yaran ajina ma sun tambaye ka.

Jiya na ga lauyarka. Ta ce alƙalin shige da fice zai saurare ka a watan Yuni, kuma tana da ƙwarin gwiwa. Ka zo ƙasar nan kana ɗan shekara goma sha biyar, mahaifinka ya rasu a nan ya bar mini amanarka, ba ka taɓa laifi ba. Takardar zama ce kawai ta ƙare. Na gyara fitilar tirelar kwale-kwalen, wadda ta sa aka tare ka a hanya. Waya ɗaya ce ta tsinke.

To, kifin rokfish ya shigo, kuma ba zan yarda ka manta karatunka a wurin nan ba. Ga abin da na kwafo daga rediyo, hasashen yanayin ruwan Chesapeake na ranar Asabar: iska daga kudu, gudun not biyar zuwa goma da safe a ma'aunin masu jirgin ruwa, ta kai goma sha biyar bayan azahar. Igiyar ruwa ƙafa ɗaya, ta koma biyu. Ruwa zai fara janyewa da tsakar rana. Babu gargaɗi ga ƙananan jiragen ruwa.

Kai ne direba. Mu fita ko mu zauna? Yaushe za mu juyo? Ka kawo dalili tukuna, sannan ka ce in sha Allahu.

Baffanka,
Fatihu

*

Gidan tsare baƙi, Virginia, Mayu 2011

Baffa Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da kyau, kai da Anti. Lafiyata ƙalau.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, Asabar ta riga ta wuce. Sai sun buɗe sun duba kafin su ba mu, kuma Hausa takan daɗe a hannunsu. Amma ga amsata. Mu fita bayan asuba, mu juyo kafin azahar. Ruwa na janyewa kudu, iska na tahowa daga kudu, in suka haɗu igiya miƙewa za ta yi. Ƙafa biyun da aka rubuta sai ta zama uku a bakin kogi, kai kuma ka rungume bokiti kana kiran Anti.

Wani ɗan Maradi da ke kwana a gadon sama ya ji ina karantawa. Ya ce, "Wannan tsohon naka sarkin ruwa ne?" Na ce masa malamin kimiyya ne, kuma bara ƙaguwa ta cinye masa koton ƙugiya kaf, sai a wani shago a Annandale ya sayo kifi ya kai gida. Ya yi dariya har mai gadi ya buga ƙofa.

Nan babu taga. Kun fita? Yaya ruwan ya kasance?

Ɗanka,
Kamal

*

Fort Washington, Yuli 2011

Ɗana Kamal,

Sallama da gaisuwa. Amsarka ta yi daidai, na karanta wa Sa'adiya sau biyu. Maganar Annandale ce kawai na tsallake.

Ban fita ba. Kwale-kwalen nan ba zai taɓa ruwa ba sai da kai. Ina dai tayar da injin a bayan gida don kada ya daskare.

Ka ji an ɗage zaman zuwa Satumba. Kada wannan ya karya maka zuciya. Satumba ma ta fi daɗi, zafi ya ragu, kifi ya yi ƙiba. Na tara wasiƙun shaida daga limaminmu, da shugabar makarantarmu, da Martha maƙwabciyarmu, wadda kake share wa ƙanƙara. Alƙali mutum ne, zai karanta.

Tunda wasiƙa na makara, wannan karon na kwafo na Asabar ta sama. Hasashen nesa ba shi da tabbas, amma ka gwada: iska kaɗan daga yamma, zafi mai nauyi, akwai yiwuwar hadari da tsawa da yamma. Me za ka duba a sama kafin rediyo ya faɗa?

Baffanka mai jiranka,
Fatihu

*

Gidan tsare baƙi, Satumba 2011

Baffa,

Ina gaisuwa, da neman gafarar shirun da na yi. Wasiƙunka duk sun iso. Ban iya amsa tambayoyin ba.

An sake ɗagewa, ka sani. An tafi da ɗan Maradi cikin silifas, ko sallama ba mu yi ba. Duk wanda na tarar a ɗakin nan da irin matsalata an mayar da shi, har masu 'ya'ya a nan. Ni ba na barci. Na rame har wandon da suka ba ni yana zamewa.

Baffa, ka tuna ranar da muka kai bakin ruwa, mun sayi koto da mai, sai aka saka gargaɗin ƙananan jirage? Sama garau. Na yi ta roƙonka, na ce ƙila iskar ta fasa zuwa. Ka ce mini masu nutsewa ba jahilai ba ne, mutane ne da suka ji hasashe suka zaɓi abin da ransu ke so a ciki. Muka juyo gida ina fushi.

Don Allah ka je wurin lauyar nan ka ce ta faɗa maka gaskiya, ba ta kwantar da hankali ba. Ni na riga na karanta nawa hasashen. Zan sa hannu in tafi da kaina. A Yawuri gwaggona kaɗai na sani, ita ma murya ce a waya. Amma can aƙalla zan ga sama.

Kada ka ƙara aiko mini hasashe. Ina karantawa sai in ji warin ruwa, in buɗe ido in ga bango. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Kamal

*

Fort Washington, Oktoba 2011

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta riske ka kafin jirginka na Laraba ya tashi ba.

Na je wurin lauyar. Ta ce kai ne da gaskiya, kuma tun Yuni ta so in fahimta. Sa'adiya ta haɗa maka jaka, sun ce guda ɗaya za su karɓa.

Na tambaye ta yaushe za ka iya dawowa. Ta ce sai bayan shekara goma. A mota na fara ɗora su a kan shekaruna, ban ƙarasa ba.

Allah Ya kai ka lafiya.

Baffanka