Takardar Ƙosan Mama

Yaya Keziya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Baba da ciwon ƙafarsa? Yaya yara da mutanen Dogarawa? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Sanyin ƙasar nan ne kawai, sai abinci da ba ya shiga tun da kuka binne Mama ba na nan.

A makarantar zane-zane an ce kowa ya yi hoton abin da ya sa shi fara wannan aiki. Kin san yadda nake yi: in jiƙa tsofaffin takardu, in daka, in shanya su zama sabuwar takarda, sannan in yayyaga da hannu in manna. Sai na tuna Mama a bakin kaskonta a Samaru, tana naɗe wa ɗalibai ƙosai, ni ina tsince takardun da suka yar, tana faɗa wai na cika mata ɗaki da shara.

Wata biyu ke nan ina kan hotonta. Na gama kaskon, na gama zaninta na zumuntar mata. Hannuwanta ne suka gagare ni. Na rina da shayi, na rina da ɓawon albasa, launin ya ƙi fitowa. Takardun nan sun cika tsabta, Yaya.

Don Allah ki hura wuta a murhunta, ki soya ƙosai, ki naɗe da zafinsa a tsohuwar jarida har mai ya ratsa ta. Japheth ɗan Fasto zai taho wata mai zuwa, ki ba shi.

Ƙosan ku ci da yara. Ni takardar kawai nake so.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙanenki,
Shekari