Na Bar Shayi, Yaya

Daga Abijan, zuwa ga Yaya Salamha a Atar.

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna?

Lafiyata ƙalau, sai ɗan jiri idan na daɗe tsaye a kanti. Malamar asibiti ta ce baurin shayi ne ke hana abinci zama jini a jikina, in haƙura da shi tukuna. Na ce, “Shayin da ya raine ni?”

Kullum ina dafawa, in tayar da kumfa, in miƙa wa maigidana Isalmu. Sai ya yamutsa fuska ya ce, “Yau ba daɗi.” Ƙarya yake, tausayina yake ji.

Ki aiko mini dabinon bara, Allah ya bar zumunci. Ki gaya wa Inna, ni kunya nake ji: wanda na bar shayin dominsa zai iso kafin sabon dabino ya nuna.

Ƙanwarki,
Mbarka