Ka Kore Ni Daga Lambun Ubana Da Saƙon Waya

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani a Jiratawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar addini, ita kam dole ce. Na ba da wannan takarda a karanta a rediyo, don ita ce ke shiga bukkar kowa ba a tambaye shi irin wayarsa ba.

Ranka ya daɗe, ka san ni. Ni ne Iliya, wanda lambunsa na zogale ke ƙarshen kanal, hanyar ruwanmu. Ko in ce wanda lambunsa yake can a da, don yau wani ɗan kasuwa daga Sabon Garin Maraɗi ne ke yankan ganyen da ubana ya dasa.

Na farko. Tun tasowarmu, in za a yashe kanal, mai shela ke zagaya gari, kowa ya fito da shebur. Wanda ya ƙi fitowa a hana shi ruwa, in lambun ya bushe a ba wani. Ban taɓa ƙin dokar nan ba, har da zazzaɓi na sha shiga taɓo. Da korona ta zo aka hana taro, ka sallami mai shela, ka buɗe gurup a waya, ka ce can za a riƙa jin komai. Wayata ta kira ce da haska hanya, ka sani sarai.

Na biyu. Na same ka ƙofar gidanka, ka tsayar da ni nesa, takunkumi a baki, ka ce in kawo lambar wani mai babbar waya. Na ba ka ta ɗiyata Hadiza da ke aure a Tibiri. To, an rufe iyaka, mijinta mai fataucin atamfa yana zaune gida ba shiga ba fita. Da wane kuɗi za ta sa kiredi tana jiran muryarka? Ranar da saƙon yasar kanal ya buɗe mata, ta hau kabu-kabu, ta ratsa Maraɗi tana kuka, ta iske an riga an yashe ba ni, an toshe bakin ruwana da ƙasa.

Na roƙe ka, Alhaji. Ni da na girme ka, na durƙusa. Ka ce doka ce. Ina tsaye zogalen ya kaɗe ganye ya koma tsirara.

Na uku, kuma shi ke hana ni barci. Ciwo ya wuce, an buɗe masallatai da kasuwanni, ana biki har da kiɗi, amma shela ba ta dawo ba. Ashe daɗin abin ka ji! Taki, iri, rabon ruwa, duk a gurup, tsakanin masu rezon intanet da caji. Mu sai mu ga buhuna suna wucewa a amalanke. Haba Alhaji, korona ce har yanzu?

Buƙatata ba ta da yawa. Ka mayar mani da lambuna kafin dashen bana, kuma duk abin da aka faɗa a waya a faɗe shi a bakin masallaci.

Amma kada ka ɗauka roƙo ne, na gama roƙonka. Wallahi ban yafe ba, kuma ban zauna ba. Tun da ba ni da lambun da zan yi wa ban-ruwa, ƙafata ta samu aiki: gida gida nake bin duk mai ƙaramar waya da wanda ba shi da ko ɗaya, tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Muna da yawa, har ni abin ya ba ni tsoro. Kuma zaɓen shugaba a ƙungiyarmu ba da yatsa ake latsa shi ba, layi ake ja a bayan mutum, rana tsaka, kowa na kallon kowa.

Allah ya ja kwananka har ranar, ya kare ka daga kowace annoba, ya ba ka lafiyar wuyan da za ka waiwaya ka ga bayanka.

Wassalam, daga wanda ka mayar ɗan kallo.

Iliya Mai Zogale, Jiratawa