Kallabin Doguwa

Ga tambaya gare ku: wane hannu ne ya wanke kai bai jiƙe ba?

Zuwa ga jikata Uwar Allura,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya masu jiki? Ni lafiyata lau, sai abin da ubanki ya yi mini. Yau kwana ashirin da uku ya kulle ni a ɗakin sama, wai annobar nan tsofaffi ta fi so. Sandunan taga shida ne, na san kowace da tsatsarta. Wayata ta faɗa bokiti, shi ya sa nake cusa takarda a kwandon abincin da 'yan kwamitin masallaci ke kai muku asibiti. Kar ki yi wa rubutuna dariya, aji uku na yi.

An ce aminiyata Doguwa tana ɗakinku da robar iska a hanci. An kuma ce asibiti da masallaci sun shirya, ku ke koya wa matanmu wanke mamatan annoba cikin rigar leda. Ki sa sunana. Ina wankan gawa tun ba ki iya face majina ba. Ni da Doguwa akwai alkawari: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta.

Kakarki ta kurkuku.

Kaka,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Baba. Wasiƙarki ta iso har da maiƙon miya.

Na kai maganarki gaban babbar likita da liman. Abin da suka sa wa hannu shi ne mata biyu daga masallaci, nas ɗaya daga wurinmu, kuma ban da wadda ta haura hamsin. Na ce musu shekararki arba'in da tara, liman ya ce ai ke kika wanke kakarsa. Wannan makon matar ladan ce da ƙanwarta.

Inna Doguwa tana jin jiki sosai. Ta bari mun yi mata komai, amma ta hana a taɓa kallabinta. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce wa tsohuwar nan kar ta manta." Me za ki manta?

Ki yi haƙuri, ki zauna a ɗaki.
Jikarki.

Uwar Allura,

Gaisuwa a tsaye, raina ba daɗi. Matar ladan? Mijinta ne ke buƙatar lasifika, ita ba ta buƙata.

Na gwada fita. Na kai matakala ta biyar da takalmana a hammata, na iske ubanki zaune a ƙasa da kujera. Ni na haife shi, shi ya koro ni.

To buɗe kunne, ki rufe baki. Tun muna amare fitila ta kama gashin Doguwa. Tsakiyar kanta tabo ne, ko silin gashi babu. Shekara hamsin da biyu ni ke yi mata ɗan kitson gefe, ƙofa a rufe. 'Ya'yanta ma ba su sani ba. Zancen da ake yi a unguwa cewa gashinta har gadon baya, ni na ƙirƙiro shi. Alkawarin ke nan, ido na uku ba zai ga kan ba. Ga shi yau ni na karya, don kar ya zama ido ɗari.

In Allah ya yi ikonsa, ki nemi a sa ki cikin masu wankan. Ki tsaya wajen kai, ki bar musu jiki. Ki rufa mayafi, ki kwance kallabin a ƙarƙashinsa. Ruwa mai ɗumi, ba ta son sanyi. In matar ladan ta leƙo ki ce dokar asibiti ce, ai ku komai kuka faɗa doka ne. Ga farin kallabi a ƙasan kwando.

Kakarki.

Kaka,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Doguwa ta cika jiya da hantsi. Allah ya ba mu haƙuri.

Kafin nan na raɗa mata cewa kin aiko ni. Ta ce, "Ashe bakin nan nata bai riƙe ba," ta yi murmushi, ta saki kallabin.

Na yi yadda kika ce, takardarki a aljihuna ƙarƙashin leda. Matar ladan ta leƙo sau biyu, na ce doka. Yanzu tana bakin ƙofar asibiti tana rantsuwa ta ga jelar kitson da idonta, har ƙugu.

Ki ci abinci, don Allah.
Jikarki.

Jikata,

Allah ya jiƙanta, ya yi miki albarka. Na ga motar gawar ta wuce tsakanin sandar taga ta uku da ta huɗu. Ubanki har yanzu yana kan kujerarsa.

Kar ki yi ta fankama, naki hannun aro ne. Hannun da ya wanke kan Doguwa nawa ne, bai kuma jiƙe ba, sai tawadar biro.

Kakarki.