Wayar da Oga Bitrus Ya Shaƙe

Laraba da dare, Edmonton

Har yanzu zuciyata tafasa take. Kwana uku babur mai ƙafa huɗu na masu gyaran park yana garejinmu, sai ana cikin tafiya ya mutu. Kwamfutar gano matsala ta ce sensar totur ce, Oga Bitrus kuwa ba ya musu da kwamfuta. Sau biyu yana sa sabuwa, a banza. Na ce, "Oga, a duba waya mana." Ya ce, "Danladi, nan ba bakin titin Jos ba ne."

Yau da ya fita cin abinci na jona mitar gwada wuta, na karya kan babur hagu, wuta ta ɗauke. Na miƙe shi, ta dawo. Ashe ɗaurin robar da ya matse da hannunsa ranar sabis ne ya shaƙe wayar har ta tsinke ta ciki. Minti goma na haɗa ta.

Mai babur na zuwa, Oga ya hau zuba Turanci, wai shi ya yi tracing, ya bi waya ya gano matsalar. Ko kallona bai yi ba, mara kunya.

Guntun wayar yana aljihuna. Da safe zan ɗora masa a kan kwamfutar, ya tambaye ta wa ya matse wayar.